"In Kano" ko "at Kano"? Muhawara kan sunaye da 'yan ƙananan kalmomin Turanci

Maman Amira: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah malamai ku warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai tun jiya. Ina cike takardar neman gurbin digiri na biyu a ƙasar waje, sai na rubuta "I studied in Bayero University at Kano". Ƙanena ya duba ya ce na juya su, wai "at Bayero University in Kano" ne daidai. Na gyara, amma da na nemi dalili sai ya ce shi dai haka kunnensa ya fi karɓa. Ni kuwa ba na son gyaran da ban san tushensa ba, don gobe ramin zan sake faɗawa. Shekara huɗu na yi a cikin jami'ar nan, har ɗakin kwana na zauna. To me ya hana a ce "in"?

Malama Uwani: Wa alaikumus salam Maman Amira. Ƙanenki ya yi daidai. Ga abin da nake ba 'yan ajin ƙarshe kafin jarrabawar WAEC: unguwa, gari, jiha, ƙasa da nahiya duk "in" suke ɗauka, wato "in Fagge", "in Kano", "in Nigeria", "in Africa". Makaranta, tasha, filin jirgi da otal "at". Titi kuma "on", kamar "on Zoo Road". Ki haddace wannan, kin huta.

Maman Amira: Na gode Malama, na kwafe. Amma har yanzu dalilin nake nema.

Baba Hedimasta: 'Yata Maman Amira, tambayarki ta fi amsar haddar nan zurfi, kuma ba don na raina abin da Malama ta kawo ba, ni ma da shi na koyar shekara da shekaru. Bari mu fara daga gida. Bahaushe yana da kalma ɗaya tilo, "a", wadda take yi masa dukan aikin nan: a Kano, a jami'a, a titi, a ranar Litinin, a watan Janairu. In yana son ƙarin bayani sai ya ce a cikin, a kan, a bakin, a wajen, amma ba dole ba ne. Bature kuwa ba shi da wannan sauƙin. Duk lokacin da ya buɗe baki zai ambaci wuri, tilas ya zaɓi yadda yake kallon wurin. In yana ganinsa kamar ƙwarya mai ciki da kewaye, sai ya ce "in". In yana ganinsa kamar tabarma ko layi da ake takawa, sai ya ce "on". In kuwa yana ganinsa kamar ɗigo, wato wurin tsayawa ko wurin da ake gudanar da wani aiki, sai ya ce "at".

To da kika ce kin yi karatu, ba katangar jami'a kike nufi ba, ba kuma ɗakin kwana ba. Kina nufin wurin da aikin karatu ya gudana. Shi ya sa "at". Kano kuwa ita ce ƙwaryar da jami'ar take ciki.

Ga misalin da nake so kowa ya riƙe. Oxford gari ne a Ingila, kuma sunan jami'a ne. Wanda ya ce "I studied at Oxford", ya gaya miki cewa shi ɗalibin jami'ar ne. Wanda ya ce "I studied in Oxford", ya gaya miki garin da ya yi karatu kawai, wataƙila a wata ƙaramar makarantar koyon harshe. Suna ɗaya, kalmomi biyu, ma'ana biyu. Ke nan ba sunan ne ke zaɓar abokin tafiyarsa ba, mai magana ne.

Maman Amira: Allah ya saka da alheri Baba. Yanzu na ga bakin zaren.

Malama Uwani: Allah ya gafarta Malam, bayanin ya yi kyau, amma ina da tsoro. Yaro ɗan shekara goma sha shida, ajinsu mutum tamanin, in na ce masa "ya danganta da yadda kake kallon wurin", gobe zai rubuta mini "I live at Kano" ya ce haka yake kallonta. Mai duba takardar jarrabawa kuwa ba ruwansa, jan biro zai sa.

Baba Hedimasta: Gaskiyarki Malama, "I live at Kano" a yau ba ya karɓuwa. Amma kin san an daɗe ana rubuta "at Kano" a Turanci? In kika buɗe rubuce-rubucen Turawan da suka ratso ƙasar nan a ƙarni na 19, irin su Hugh Clapperton da ya shiga Kano a 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma dawo ya rasu a can a 1827, za ki riƙa cin karo da "at Kano" da makamantansa. Su matafiya ne, gari a wurinsu zango ne a kan hanya, ɗigo ne a taswira. Kuma wannan kallon bai mutu ba. Har gobe ana cewa "the train stops at Kubwa" in ana maganar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, ko "we refuelled at Zaria". Mutumin da ke zaune a Kubwa kuwa "in Kubwa" zai ce. Haka wuraren yaƙi: "at Waterloo" a 1815, "at Burmi" a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada.

Ban ce ki daina ba su ƙa'idar ba. Ki ba su, sannan ki nuna musu ƙwarya da tabarma da ɗigo. Wanda ya haddace kawai, ranar da ya haɗu da sunan da ba ya cikin jerinki, shi ke nan ya tsaya.

Auta: Baba ni a ƙwallo na fara lura da abin nan. Masu sharhi suna cewa "at Old Trafford", "at Anfield", "at Wembley". Ban taɓa jin "in Anfield" ba. Kuma Ahmed Musa da ya koma Leicester a 2016, ana cewa "he plays for Leicester", ana cewa "he is at Leicester", in kuma maganar gidansa ce sai a ce "he lives in Leicester". Daidai da abin da ka faɗa kan Oxford.

Baba Hedimasta: Madalla ɗana, kunnenka na aiki.

Auta: Akwai ma wani. "At the Emirates" filin Arsenal ne a Landan, "in the Emirates" kuma ƙasar su Dubai ce.

Ɗan Jarida: Tunda an buɗe wannan babi, bari in kawo wanda muke fama da shi a ɗakin labarai. Jaridun Najeriya kullum suna rubuta "President arrives Kano", "Governor arrives Abuja", babu "in" babu "at". Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya saba da shi. Ni ban ɗauke shi kuskure ba, Turancinmu ne. Mutum miliyan nawa ke karanta shi kullum ba wanda ya rikice?

Malama Uwani: Kuskure ne Yaya, kuma ku ne kuke ɓata mana aiki. Sai in kwana uku ina koya wa yara "arrive in Kano", "arrive at Rigasa station", su fita su ga jarida ta ce "arrives Kano". Wa za su yarda da shi, ni ko jarida?

Ɗan Jarida: Malama ki duba jaridun Amurka. Suna rubuta "the Senate voted Tuesday", sun yar da "on" gaba ɗaya, alhali Baturen Ingila zai ce "on Tuesday". Wa ya ce musu kuskure ne? Ba kowa. An ce salon Amurka ne. To me ya sa in Ba'amurke ya yar da kalma sai a ce salo, in ɗan Najeriya ya yar sai a ce jahilci? Wannan harshen shi ne harshen gwamnati da kotu da makaranta a ƙasarmu tun kafin 1960. Muna da haƙƙi a cikinsa.

Malama Uwani: Haƙƙin nan ba ya ba yaro maki. Ranar da hukumar jarrabawa ta ce ta karɓa, ni ma zan karɓa.

Baba Hedimasta: Ku bari in shiga tsakani, don kowannenku ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Da farko mu tambayi inda abin ya samo asali. Bahaushe yana cewa ya isa Kano, ya tafi Kano, ya shiga Kano, ba ya sa komai tsakanin aikatau da sunan gari. A Turancin buroka ma "I dey go Kano" ake cewa. Sannan shi kansa Turancin yana da aikatau masu tafiya haka: "reach Kano", "enter Kano", "leave Kano", "visit Kano", duk ba su son komai a tsakani. "Arrive" ce ta fita daban, ta ce sai da 'yar rakiya. Ƙara da ƙarancin wuri a kanun labarai, sai ka ga hanyoyi uku sun haɗu sun haifi "arrives Kano". Ba lalaci ba ne, yana da sababi.

Amma ɗana Ɗan Jarida, hujjarka ta Amurka tana da rauni wuri ɗaya. Ba'amurke yana da ƙamusoshinsa da littattafan salonsa da jarrabawarsa waɗanda suka amince da abin da yake faɗa. Mu kuwa jarida tana rubuta abu ɗaya, jarrabawa tana hukunta yaro a kansa. Muddin haka take, wanda ke biyan kuɗin rigimar shi ne ɗalibi. Ni ra'ayina, a kanun labari ka yi yadda gidanku ya saba, amma takardar da za ta tsallaka teku kamar ta Maman Amira, a sa "in".

Ɗan Jarida: Na yarda da rabin ƙarshe Baba. Rabin farko kuwa ina nan a kan bakana: in ba mu fara ɗaukar namu da daraja ba, ba wanda zai rubuta mana ƙamusun.

Anti Ladi: Sannunku da muhawara. Ni aikin jinya nake a Ingila shekaru da dama, bari in faɗi abin da kunnena ke ji. In ka ce "I arrived Birmingham yesterday" za a gane ka sarai, amma za a ji wani abu ya faɗi, kamar a ce maka "na ajiye littafi tebur". Sai dai kada ku zaci su ma bakinsu ɗaya. Tsofaffi a nan suna cewa "a shop in Oxford Street", matasa da yawa kuma "on Oxford Street" kamar Amurkawa. A nan ana cewa "at the weekend", a Amurka "on the weekend". Inda kowa ya haɗu shi ne in an sa lambar gida: "at 10 Downing Street". Da lamba ta shigo, titin ya zama ɗigo, kamar yadda Baba ya ce.

Malama Uwani: To Anti, ke nan "on Zoo Road" ɗina yana nan daram.

Anti Ladi: Daram Malama. In kin sa lamba kuma ki koma "at".

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum. Mu a Nijar da Faransanci muka yi makaranta, Turanci daga baya ya zo, don haka ciwonmu daban ne da naku. Faransanci yana kallon sunan ne da kansa: gari "à", ƙasa mace "en", ƙasa namiji "au". À Niamey, en France, au Niger. Da muka zo Turanci sai muka ɗauki "à" muka mai da ita "at", saboda sun yi kama a ido. Shi ya sa za ka ji ɗalibinmu ya ce "I live at Zinder". Kuma "à" ɗin tana nufin zuwa, sai mu ce "I arrived to Kano". Na daɗe kafin in rabu da wannan.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sunan ƙasarmu. Wani malami ya taɓa mayar mini da takarda saboda na rubuta "I was born in the Niger". Na fassara "le Niger" ne kai tsaye. Ya ce mini abin da na rubuta yana nufin a cikin kogi aka haife ni.

Baba Hedimasta: Malamin ya yi gaskiya ɗana, kuma misalinka ya fi duk wanda na kawo. "In Niger" ƙasa ce. "The Niger" kogin Kwara ne. "Niamey is on the Niger" yana nufin birnin yana bakin kogin, don kogi layi ne a idonsu. "In the Niger" kuwa kifi ne ko mai iyo. Ga kuma "in Niger State" namu na Minna. Lakwaja kuma "at the confluence of the Niger and the Benue", tunda mahaɗa ɗigo ce.

Wannan "on" ta bakin ruwa har cikin sunayen garuruwan Ingila ta shiga ta zauna. Akwai Newcastle upon Tyne, akwai Stoke-on-Trent, akwai Southend-on-Sea. Tyne da Trent koguna ne. Dalilin kuwa mu ma mun san shi: Newcastle ba ɗaya ba ce a ƙasar, sai aka jingina ta da koginta, kamar yadda muke da Birnin Kebbi, Birnin Gwari, Birnin Kudu da Birnin Ƙonni. Mu da ɗan harafin "n" muke ɗaurewa, su da kalma.

Auta: Baba tsibiri fa? Na ga an rubuta "on Lagos Island" amma kuma "in Lagos".

Baba Hedimasta: Ƙaramin tsibiri tabarma ce shimfiɗe a kan ruwa, don haka "on Lagos Island", "on Victoria Island". In tsibirin ƙasa ce mai gwamnati, sai ya koma ƙwarya: "in Cuba", "in Madagascar".

Ɗan Jarida: Maganar "the" da Ɗan Maraɗi ya taso ba ƙarama ba ce, har siyasa take shiga. Kafin 1991 Turawa "in the Ukraine" suke cewa. Da ƙasar ta sami 'yanci daga Tarayyar Sobiyet, mutanenta suka ƙi wannan "the", don a kunnensu tana mai da ƙasar wani yanki na wata ƙasa. Yanzu "in Ukraine" ake rubutawa. A harshen Rasha ma rigimar a kan irin waɗannan 'yan kalmomi take, tsakanin "na" da "v". Sudan ma da "the Sudan" ake cewa, an bari. Gambiya kuwa akasin haka ta yi: a 1964 gwamnatinta ta nemi a bar mata "The" a jikin sunanta, don kada a riƙa rikita ta da Zambiya da ta sami 'yanci a shekarar. Shi ya sa har yau "in The Gambia". To kun ga, mutane ne ke yanke wa harshe hukunci, ba daga sama ƙa'ida take saukowa ba. Wannan ita ce maganata tun ɗazu.

Malama Uwani: Gwamnati ce ta nema a rubuce Yaya, ba kanun jarida ba.

Anti Ladi: Ku bar wannan haka, kada mu manta da mai tambaya. Maman Amira, akwai sauran wurin da kike shakka a takardar?

Maman Amira: Akwai Anti. Na rubuta sunan jami'ar da mai ba ni shaida yake koyarwa, "University of Maiduguri". Ƙanena ya ƙara "the" a gaba, amma bai ƙara wa Bayero ba. Me ya raba su?

Malama Uwani: Wannan mai sauƙi ne. In sunan yana da "of" a tsakiya, yana ɗaukar "the": "at the University of Maiduguri", "at the University of Ibadan", "at the Central Bank of Nigeria". In kuwa sunan mutum ko na gari ne a gaba, babu "the": "at Bayero University", "at Ahmadu Bello University". Ki duba Ife. Har 1987 "the University of Ife" ce, da aka sa mata sunan Awolowo sai ta zama "Obafemi Awolowo University", "the" da "of" suka tafi tare. Kuma "of" ɗin da ƙaramin baƙi ake rubuta ta ko da tana tsakiyar suna.

Baba Hedimasta: Kin ga Malama, ke ma dalili kika ba ta yanzu, ba hadda ba.

Malama Uwani: Na karɓa Baba. Inda dalili yake a fili ina bayarwa. Amma akwai inda babu shi. Me ya sa "Lake Chad" ba ya ɗaukar "the" alhali "the Sahara" da "the Benue" suna ɗauka? Me ya sa "at Christmas" amma "on Christmas Day"? Wannan sai hadda.

Baba Hedimasta: Na tafkin na ba ki, al'ada ce kawai, sai a riƙe. Na Kirsimeti kuwa yana da dalili. Rana guda "on" take ɗauka: "on Friday", "on Sallah day", "on 1 October 1960". Wata da shekara masu faɗi ne, ana shiga cikinsu: "in October", "in 1960", "in Ramadan". Lokacin biki gaba ɗayansa, ba rana guda ba, shi ne "at Christmas", "at Easter". Ƙwarya da tabarma da ɗigon nan ne dai suka bar wuri suka koma lokaci.

Alhaji na Kumasi: Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni a aikin Hajji na ga ukun a jere, a takardun da ake raba mana da Turanci. Mutum yana "on Hajj", yana "in Makkah", ranar tsayuwa yana "at Arafat". Sannan ga wani bambanci tsakaninmu da ku: a Gana mun fi rubuta "Minister for Education", ku a Najeriya "Minister of Education". Kowa da nasa, kuma ba wanda ake cewa ya yi kuskure.

Ɗan Jarida: Allah ya biya ka Alhaji. Malama kin ji.

Malama Uwani: Na ji. Wannan a takardun gwamnati yake, na yarda da shi.

Ɗan Jarida: Tunda an zo muƙamai, ga wanda sababbin ma'aikata ke yawan kuskurewa, kuma wannan ni ma ba na yafewa, don yana juya labari. "Ambassador of Niger" jakadan da Nijar ta aiko ne. "Ambassador to Niger" wanda aka aika can ne. Kalma ɗaya ta sauya wa mutum ƙasa. Haka "the Emir of Kano" shi ne Sarkin Kano, amma "an emir in Kano" kowane sarki ne da ya zo baƙunci.

Baba Hedimasta: Wannan "of" ta sarauta ita ce "n" ɗinmu: Sarkin Kano, Sardaunan Sakkwato, Shehun Barno. Amma akwai abin da ya daɗe yana burge ni. Turawa in za su jingina mutum da garinsu sukan sa kalma. Leonardo da Vinci ma'anarsa Leonardo na garin Vinci. Mu kuwa da boko ya zo aka buƙaci suna na biyu a rajista, sai muka ɗora sunan gari tsirara: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shagari gari ne a Sakkwato, Tafawa Ɓalewa gari ne a Bauchi. Ga shi duniya ta karɓa, ba wanda ya ce sai an rubuta "Aminu of Kano". Wannan hujja ce a gare ka Ɗan Jarida, na ba ka ita kyauta.

Ɗan Maraɗi: Baba a taɓa mana sunayen mutane ma. Mu muna cewa "he is married with Aisha", daga "marié avec".

Anti Ladi: "Married to Aisha" ne ɗan'uwa. "Married with" ana jin ta ne in za a ambaci 'ya'ya: "married with three children". Ga wasu da nake ji kullum. In an sa wa yarinya sunan kakarta, a nan "named after" ake cewa, Amurkawa kuma wani lokaci "named for". In za ka gidan wani, ba sai ka ce "house" ba: "I'm at Aisha's". Kuma "a friend of Musa's", da wannan "s" a ƙarshe, daidai ne ko da yake ido yana ƙin ta da farko.

Malama Uwani: A ƙara da aro. Bahaushe da tushe ɗaya yake cewa na ari littafi, ya ara mini littafi. Shi ya sa yara ke rubuta "borrow me". A Turanci "borrow from Musa", "lend to Musa". 'Yar kalmar ce ke nuna inda littafin ya dosa.

Auta: Kuma "on Facebook", "on WhatsApp", "on YouTube", amma "in Daily Trust". Jarida ana buɗe ta a shiga ciki, allon waya kuwa a kansa abu yake fitowa. Haka ne Baba?

Baba Hedimasta: Haka ne, kuma tun zamanin rediyo "on" ta kama wannan layin: "on the radio", "on the BBC". Intanet gado ta ci. Littafi kuwa "in": "in the Qur'an", "in Suratul Baqara".

Maman Amira: Jama'a Allah ya bar zumunci. Ga yadda sakin layin ya koma, ku sake duba mini kafin in tura: "I was born in Fagge and studied at Bayero University in Kano between 2015 to 2019. I now teach at a primary school on Zoo Road. My referee lectures at the University of Maiduguri. I hope to arrive in Leeds in September."

Malama Uwani: Saura ɗaya 'yar'uwa. "Between" da "and" take tafiya, "from" kuma da "to". Ko ki ce "between 2015 and 2019", ko "from 2015 to 2019". Haka in garuruwa ne: "between Kano and Kaduna", "from Kano to Kaduna". Mu ne ke cewa tsakanin Kano zuwa Kaduna, shi ne ya biyo ki.

Baba Hedimasta: Ki ɗauki "from 2015 to 2019", don ita ke nuna kin cika shekarun gaba ɗaya. Sannan wanda zai karanta takardar a Leeds ta Ingila bai san Fagge ba. Ki ce "in Fagge, Kano", sai ki bar jami'ar da cikakken sunanta, "Bayero University, Kano".

Ɗan Jarida: "Arrive in Leeds" ɗin nan ma ki bar shi yadda yake, ban ce ki taɓa ba.

Maman Amira: Na gyara duka, zan tura bayan Magariba in sha Allah. Malama, in ba damuwa zan aiko miki da ɗaya takardar ta akwatin saƙo, wadda na yi bayanin aikin da nake son yi in na dawo.

Malama Uwani: Ki aiko, ina nan har ƙarfe tara.